Yadda sulhun kasuwancin Amurka da China ke taɓa aljihun mazauna unguwar Tremont ta New York

A kan titin East Tremont da ke gundumar Bronx a birnin New York, shaguna ne jere da juna: masu sayar da kayan gida a farashi mai rahusa, masu gyaran waya, shagunan kitso, da kantunan 'yan Afirka ta Yamma inda ake samun garin rogo da manja da busasshen kifi. Duk wanda ya ɗauki tukunya ko cajar waya ko takalmin yaro a ɗaya daga cikin waɗannan shaguna ya duba gindinsa, da wuya bai tarar da tambarin da ke nuna cewa a China aka ƙera shi ba.

Shi ya sa ganawar da Shugaba Donald Trump na Amurka ya yi da takwaransa na China, Xi Jinping, a birnin Busan na Koriya ta Kudu ranar 30 ga Oktoban 2025 ta shafi wannan unguwa, duk da tazarar dubban kilomitoci da ke tsakani. Ita ce haɗuwarsu ta farko ido da ido tun shekarar 2019, kuma ta zo ne bayan watanni tara ana musayar haraji tsakanin ƙasashen biyu mafiya ƙarfin tattalin arziki a duniya.

Abin da aka cimma a Busan tsagaita wuta ce ta shekara guda. Ko bayan ganawar, harajin da ke kan kayan China ya kasance mai nauyi. Amma ga ƙaramin ɗan kasuwa, yarjejeniyar ta dawo da wani abu da ya yi ƙaranci a tsawon 2025: damar sanin nawa kayansa za su tsaya masa kafin ya ba da oda.

Wace irin unguwa ce Tremont?

Tremont na tsakiyar Bronx, gunduma mafi fama da talauci a cikin gundumomi biyar na New York, inda sama da kashi ɗaya cikin huɗu na jama'a ke rayuwa a ƙasa da ma'aunin talauci na gwamnatin tarayya. Sunan unguwar ya samo asali ne daga tuddai uku da ke yankin, wato Mount Eden da Mount Hope da Fairmount.

Akasarin mazaunanta 'yan asalin Jamhuriyar Dominika ne da Puerto Rico da kuma baƙaƙen fata 'yan Amurka. Daga shekarun 1980 zuwa yau, 'yan Afirka ta Yamma sun yi ta kwarara zuwa Tremont da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita irin su Morris Heights da Highbridge. Bronx ce ke da mafi yawan 'yan Ghana a New York, kuma da dama daga cikinsu 'yan zango ne daga Accra da Kumasi waɗanda Hausa ce harshensu na yau da kullum. Ƙungiyar Yankasa da 'yan zangon suka kafa tana da masallacinta a gundumar. Akwai kuma 'yan Najeriya da Nijar da Togo da Guinea da Gambiya, cikinsu har da direbobin tasi, masu kai saƙon abinci a kan keken lantarki, masu kula da tsofaffi da marasa lafiya a gidaje, da masu shaguna.

Ta cikin unguwar ne babbar hanyar Cross Bronx ta ratsa, wadda aka gina tsakanin 1948 da 1972 a ƙarƙashin jagorancin Robert Moses, aikin da ya tashi dubban mutane daga gidajensu a East Tremont. A yau tana cikin hanyoyin da suka fi cunkoso a Amurka. Dare da rana tireloli ke bi ta kanta, wasunsu ɗauke da kwantenonin da aka sauke a tashoshin jiragen ruwa na Newark da Elizabeth a jihar New Jersey, suka tsallako ta gadar George Washington. China ce kan gaba a cikin ƙasashen da ke turo kaya zuwa waɗannan tashoshi.

Yaya cinikin ƙasashen biyu ya kai wannan matsayi?

Shugaba Richard Nixon ne ya buɗe ƙofa da ziyarar da ya kai Beijing a watan Fabrairun 1972, sannan aka ƙulla cikakkiyar hulɗar jakadanci ranar 1 ga Janairun 1979. A wannan shekara, cinikin da ke tsakanin ƙasashen biyu bai kai dala biliyan 3 ba.

Babban sauyi ya zo ne a farkon wannan ƙarni. A shekarar 2000 majalisar dokokin Amurka ta amince a bai wa China matsayin abokiyar ciniki ta dindindin, kuma ranar 11 ga Disamban 2001 China ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO. Kamfanonin Amurka suka kwashe ayyukan ƙere-ƙere zuwa lardunan Guangdong da Zhejiang da Jiangsu, inda kuɗin ƙwadago ke da arha, kayan kuma suka riƙa dawowa kantunan Amurka a farashin da talaka zai iya saye.

Arhar ba ta zo a banza ba. Binciken da masanin tattalin arziki David Autor na jami'ar MIT ya yi tare da abokan aikinsa ya ƙiyasta cewa gogayya da kayan China ta jawo asarar ayyukan masana'antu kusan miliyan guda a Amurka tsakanin 1999 da 2011, adadin da ya haura miliyan biyu idan aka haɗa da ayyukan da suka dogara da masana'antun. Fushin garuruwan da masana'antunsu suka mutu na cikin abubuwan da Mista Trump ya yi yaƙin neman zaɓe da su a 2016.

A 2018 gwamnatinsa ta fara ɗora harajin da ya kai kashi 25 cikin 100 a kan kayan China na ɗaruruwan biliyoyin daloli, China ita ma ta rama. An sa hannu kan yarjejeniyar matakin farko ranar 15 ga Janairun 2020, inda China ta yi alƙawarin ƙara sayen kayan Amurka na dala biliyan 200 cikin shekara biyu, alƙawarin da bai cika ba. Shugaba Joe Biden ya bar harajin yadda ya tarar da shi, har ya ƙara na motocin lantarki zuwa kashi 100 cikin 100 a 2024.

Duk da wannan zaman doya da manja, cinikin bai tsaya ba. Alƙaluman gwamnatin Amurka sun nuna cewa a 2024 ta sayi kayan China na kimanin dala biliyan 439, ta sayar mata da na kimanin biliyan 144, abin da ya bar giɓi na kusan dala biliyan 295.

Me ya faru a 2025?

Makonni biyu bayan komawar Mista Trump fadar White House, ranar 4 ga Fabrairu, aka ɗora sabon haraji na kashi 10 cikin 100 a kan kayan China, bisa zargin cewa Beijing ba ta hana fitar da sinadaran da ake haɗa ƙwayar fentanyl da su, ƙwayar da ke kashe dubun-dubatar Amurkawa a kowace shekara. Ranar 4 ga Maris aka ninka shi zuwa kashi 20. Bayan sanarwar harajin ramuwa ta ranar 2 ga Afrilu da martanin da China ta mayar, cikin 'yan kwanaki sabon harajin Amurka ya kai kashi 145 cikin 100, na China kuma kashi 125.

A irin wannan mataki, ciniki ya zama kamar an hana shi ne. Kamfanoni suka soke oda, jiragen dakon kaya suka rage zirga-zirga. Kayan da China ta tura Amurka a watan Mayu sun ragu da sama da kashi 30 cikin 100 idan aka kwatanta da Mayun 2024.

Sakataren baitulmalin Amurka Scott Bessent da mataimakin firaministan China He Lifeng sun haɗu a Geneva, kuma ranar 12 ga Mayu aka sanar da saukar da harajin zuwa kashi 30 a ɓangaren Amurka da kashi 10 a ɓangaren China na tsawon kwana 90. Aka ci gaba da tattaunawa a Landan da Stockholm da Madrid. Sai kuma ranar 9 ga Oktoba China ta faɗaɗa takunkumin fitar da ma'adanai masu wuyar samu, washegari Mista Trump ya yi barazanar ƙara wani kashi 100. Zaman da wakilan ɓangarorin biyu suka yi a Kuala Lumpur a ƙarshen watan ne ya share fagen ganawar Busan.

Wa ke biyan harajin?

Sau da yawa Mista Trump kan ce China ce ke biya. A aikace, wanda ya shigo da kayan ne ke biyan hukumar kwastam ta Amurka kafin a sakar masa su. Daga nan sai ya zaɓa: ko ya matsa wa masana'antar China ta rage masa farashi, ko ya haƙura da wani ɓangare na ribarsa, ko ya ɗora a kan mai saye. Binciken da Mary Amiti ta babban bankin Amurka reshen New York ta yi tare da Stephen Redding da David Weinstein a kan harajin 2018 ya gano cewa kusan dukkan nauyin ya faɗa ne a kan kamfanoni da masu saye na Amurka.

A ɗauka cewa wani ɗan sari da ke raba kaya ga shagunan Tremont ya yi odar tukwane da fulas-fulas da kayan wasan yara na dala 10,000 daga kasuwar Yiwu da ke lardin Zhejiang. Da kayan sun shigo a ƙarƙashin harajin Fabrairu, sabon harajin da zai biya dala 1,000 ne. A ƙarƙashin na Maris, dala 2,000. A tsakiyar Afrilu, dala 14,500, fiye da kuɗin kayan kansu. Bayan zaman Geneva, dala 3,000. Wannan ban da tsohon harajin da ke kan wasu kayayyakin tun 2018 da 2019.

Daga ranar da aka ba da oda zuwa ranar da kwantena za ta iso New Jersey akan ɗauki wata biyu zuwa uku, domin tafiyar jirgin ruwa kaɗai takan ci wata guda ko fiye. Ke nan mutum zai iya ƙulla ciniki a kan lissafi ɗaya, kayansa su iso a kan wani. Manyan kantuna irin su Walmart suna da jari da rumbunan ajiya da suka ba su damar tara kaya kafin haraji ya hau, suna kuma da ƙarfin tilasta wa masana'antu ragi. Mai shago ɗaya a East Tremont ba shi da ko ɗaya daga ciki.

Haka lamarin yake ga mai saye. Iyali mai ƙaramin ƙarfi yakan kashe kaso mafi girma na abin da yake samu a kan tufafi da takalma da kayan gida fiye da yadda mai hali ke kashewa, don haka haraji iri ɗaya ya fi yi masa ciwo. Kusan kashi uku cikin huɗu na kayan wasan yara da ake sayarwa a Amurka daga China suke zuwa. Gashin kanti da masu kitso 'yan Afirka ke aiki da shi a Bronx da Harlem, kaso mai yawa daga China yake fitowa, musamman birnin Xuchang na lardin Henan da ya yi suna a wannan sana'a. Kekunan lantarki da baturansu, waɗanda su ne jarin matasa masu kai saƙon abinci, su ma akasari can aka ƙera su.

Ƙofar da aka rufe, ba a kuma sake buɗewa ba

Akwai wani sauyi da yarjejeniyar Busan ba ta warware ba. A da, duk kunshin kaya da darajarsa ba ta wuce dala 800 ba yakan shiga Amurka ba tare da haraji ba. Ta wannan ƙofa ce kamfanonin intanet irin su Shein da Temu suka bunƙasa, kuma hukumar kwastam ta ce irin waɗannan ƙunshe-ƙunshe sun haura biliyan 1.3 a shekarar kasafin kuɗi ta 2024.

An soke wannan rangwame ga kayan China da Hong Kong daga ranar 2 ga Mayun 2025, sannan ga duk ƙasashen duniya daga 29 ga Agusta. Matakin ya yi wa masu shaguna kaifi biyu. Ya rage musu gogayya da kayan intanet masu arhar gaske. Amma ya kuma shafi matar da ke odar hijabai da mayafai kaɗan-kaɗan tana sayarwa daga ɗakinta ta WhatsApp, da telan Kano ko Kumasi da ke turo ɗinkunan Sallah ga masu saye a New York.

Me aka cimma a Busan?

Amurka ta rage harajin fentanyl daga kashi 20 zuwa kashi 10 daga ranar 10 ga Nuwamba, ta kuma tsawaita dakatar da babban harajin ramuwa har zuwa 10 ga Nuwamban 2026. Mista Trump ya ce jimillar harajin da ke kan kayan China ta sauka daga kashi 57 zuwa kashi 47 cikin 100. Ga ɗan sarin da aka yi misali da shi, sabon harajin ya koma dala 2,000.

China ta dakatar da takunkumin ma'adanai na ranar 9 ga Oktoba na tsawon shekara guda, ta kuma janye harajin ramuwa da ta ɗora wa wasu amfanin gona na Amurka a watan Maris. Fadar White House ta ce Beijing za ta sayi tan miliyan 12 na waken soya nan kusa, sannan aƙalla tan miliyan 25 a kowace shekara daga 2026 zuwa 2028. Daga ɓangaren Amurka waɗannan alƙaluma suka fito. Ƙasashen biyu sun kuma dakatar da kuɗin tashar jiragen ruwa da suka fara cajin jiragen juna tun ranar 14 ga Oktoba, kuɗin da a ƙarshe kan shiga farashin dakon kwantena.

Abin da ya kai su teburin sulhu shi ne kowa ya gano inda ɗan'uwansa ke riƙe da shi. China ce ke haƙo kusan kashi 70 cikin 100 na ma'adanai masu wuyar samu a duniya, tana kuma tace kusan kashi 90. Da su ake yin maganaɗisun da ke cikin motoci da wayoyi da jiragen yaƙi. Bayan ta fara taƙaita fitar da su a watan Afrilu, sai da kamfanin Ford ya dakatar da aiki na mako guda a wata masana'antarsa da ke Chicago. Manoman waken soya na Amurka, waɗanda a shekarun baya China ke sayen kusan rabin abin da suke fitarwa, sun shiga kakar girbin 2025 babu odar China, domin ta koma Brazil da Argentina. Ita kuma China tana buƙatar kasuwar Amurka da na'urorin sarrafa bayanai na zamani irin na kamfanin Nvidia, a daidai lokacin da take fama da durƙushewar harkar gidaje da raunin ciniki a cikin gida.

Ina Kano da sauran kasuwannin Afirka a wannan lissafi?

Ɗan kasuwar Tremont da ɗan'uwansa na Kantin Kwari sau da yawa a rumfuna ɗaya suke sari a Guangzhou da Yiwu. Idan kasuwar Amurka ta toshe, masana'antun China kan nemi inda za su juye kayansu, kuma alƙaluman kwastam na China sun nuna cewa a 2025 kayan da take turawa Afirka sun ƙaru matuƙa yayin da na Amurka ke raguwa. Cinikin China da Afirka ya kai kimanin dala biliyan 295 tun a 2024, kuma ita ce ke sayarwa fiye da yadda take saye.

Ga mai saye a Kano ko Maraɗi, wannan na iya nufin arhar atamfa da faranti mai amfani da hasken rana. Ga masana'antun cikin gida kuwa, jiki magayi. Masaƙun Kaduna da na Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano sun durƙushe ne sakamakon rashin wutar lantarki da fasa-ƙwauri da kwararar yadi mai arha, har babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007.

A ɗaya ɓangaren, ƙofar Amurka ta ƙara ƙunci ga Afirka. Shirin AGOA da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a shekarar 2000, wanda ke bai wa dubban kayayyakin Afirka damar shiga Amurka ba haraji, wa'adinsa ya cika ranar 30 ga Satumban 2025. Nijar ma tun daga 1 ga Janairun 2024 aka cire ta daga shirin bayan juyin mulkin 2023. Ranar 7 ga Agustan 2025, kayayyaki da dama na Najeriya da Ghana suka fara biyan harajin kashi 15 cikin 100. Ita kuwa China a watan Yuni ta sanar da aniyar cire haraji ga kayan ƙasashen Afirka 53 da ke da hulɗar jakadanci da ita.

Mai kantin kayan Afirka a Tremont na iya tarar da haraji a ɓangare biyu na shagonsa, a kan tukwanen China da kuma kan kayan abincin da ke zuwa daga gida. Duk dalar da ta tafi a nan, an rage ta ne daga abin da za a aika wa iyali. Daga 1 ga Janairun 2026 kuma, harajin kashi 1 cikin 100 ya fara aiki a kan kuɗin da aka aika ƙetare da tsabar kuɗi, hanyar da baƙin haure da masu ƙaramin ƙarfi suka fi bi.

Me ya rage?

Tsugune ba ta ƙare ba. Manyan batutuwan da suka haddasa rikicin suna nan: tallafin da Beijing ke bai wa masana'antunta, takunkumin da Amurka ta sa kan sayar mata da fasahar zamani, giɓin ciniki, da kuma makomar Taiwan. Tsarin neman lasisi da China ta kafa a watan Afrilu kan wasu ma'adanai bai gushe ba. A cikin gida kuma, Kotun Ƙolin Amurka ta saurari ƙara ranar 5 ga Nuwamban 2025 a kan ko dokar ta-ɓaci ta 1977 da Mista Trump ya dogara da ita ta ba shi ikon ɗora irin wannan haraji, kuma cikin waɗanda suka shigar da ƙarar har da ƙananan kamfanoni masu shigo da kaya. A ƙarshen 2025 Mista Trump ya ce zai ziyarci China a watan Afrilun 2026, daga baya Mista Xi ya rama ziyarar.

Tarihin yarjejeniyar 2020, da yadda sulhun Geneva ya kusa wargajewa sau biyu cikin wata biyar, sun isa su sa a yi taka-tsantsan da alƙawuran Busan.

Amma kalandar ɗan kasuwa ba ta jiran taron shugabanni. Sabuwar shekarar gargajiya ta China ta kama ranar 17 ga Fabrairun 2026, lokacin da masana'antu kan rufe na tsawon makonni ma'aikata su koma garuruwansu. An fara azumin Ramadan kwana ɗaya ko biyu bayan haka, ƙaramar Sallah kuma ta kama wajen 20 ga Maris. Duk mai shagon da ya so dardumar sallah da jallabiya da takalman yara su iso Bronx kafin azumin 2026, sai da ya kammala odarsa kafin ƙarshen Disamban 2025. Fatan da aka yi a lokacin shi ne, idan ɓangarorin biyu suka riƙe alƙawari, harajin da ya yi lissafi da shi a ranar oda shi ne zai tarar a tashar Newark ranar da kayan suka iso.